'Yar mitsilar kwamfutata: inda aka kwana

Asabar, 8 ga Fabrairu 2025

To jama'a laftof ɗina dai ta tafi. Sati biyu tana wajen mai gyara, jiya ya kira ni ya ce malam bod ne ya ƙone, kuɗin da za ka zuba a kai gara ka ƙara ka sayi wata. Na ce in ƙara da me? Ga taifin ɗin jarabawar makarantu biyu na jirana, ta boko da ta islamiyya, ga azumi saura sati uku, ga shi yanzu ko 'yar gwanjo ka tambaya sai ka riƙe baki.

Ina cikin wannan jimamin ne ƙanina ya buɗe durowa ya ɗauko wani ɗan koren abu da ya rage mai tun furojet ɗinsa na gama makaranta, ya ce Yaya ai wannan ma kwamfuta ce. Na zaci zolaya yake. Raspberry Pi 4 ce, girmanta kusan na katin ATM ne, milimita 85 da 56. Wata gidauniya ce a Kambirij ta Ingila ta faro abin, ta farko ta fito a 2012 a kan dala 35 don yara su samu abin koyon kwamfuta mai araha. Wannan samfurin na 2019 ne, mai RAM giga 4. Ba ta da sikirin, ba kibod, ba batir, kai ko maɓallin kunnawa babu, da ka jona mata wuta ta tashi kenan.

Abin da nake so shi ne in haɗa ta ta zama abin da zan iya ɗauka in je makaranta da shi ko in tafi gida, in yi taifin ko da wuta ko babu. Zan dinga rubuta abin da ake ciki.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na ari kwamfutar maƙocina na sauke Raspberry Pi Imager, shi ne yake rubuta manhajar a kan katin memori. Manhajar da ke tafiyar da ita, wato Raspberry Pi OS, ta haura giga ɗaya saboda haka sai da na jira datar dare. Kan in jona ta da talabijin ɗin falo kuma sabon aiki, ramin HDMI ɗinta ba irin wanda muka sani ba ne, ƙanana ne guda biyu ana ce musu micro HDMI, sai da na je Beirut Road na samo adafta.

Ta tashi kam. Amma tana tashi sai ga gargaɗi a saman sikirin wai wuta ba ta isar ta. Cajar wayata na sa mata, ita kuma bolt 5.1 da amfiya 3 take so, kuma da zarar abin da ke isowa ya faɗi ƙasa da bolt 4.63 sai ta rage gudu da kanta. Ƙanina ya nuna min yadda ake dubawa, ka rubuta vcgencmd get_throttled a taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, in ta ba ka 0x0 lafiya lau, ni kuwa 0x50005 ta ba ni. Muka canza caja, shiru. Ashe kebul ɗin ne, dogo siriri, wutar a hanya take zubewa. Da muka sa gajere mai kauri gargaɗin ya ɓace.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Wannan rubutun a kanta nake yin shi, na baya duk a waya nai su. Za ku ga babu lankwasa ko daya, ba ganganci ba ne, kibod din ne bai san da zaman haruffanmu ba. A hira ba komai, amma takardar jarabawar Hausa ba ta yiwuwa haka, yaro dan aji uku ya ga an rubuta kare bai san na haushi ake nufi ba ko na gamawa, ko ya ga baki ya rasa na cin tuwo ne ko wadanda suka zo daga tafiya.

Ban da wannan LibreOffice, wanda nake taifin da shi a madadin Word, yana aiki sumul, na buga shafi shida yau. Matsalar kawai talabijin din ne, na kwace wa mutan gida kallo, uwargida ta leko sau uku ba ta ce komai ba, wanda ya fi ta yi maganar ciwo.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ƙ, ɗ, ɓ. Alhamdulillahi sun dawo.

Ashe a cikin jerin kibod na Linux, wanda aka gina manhajarta a kansa, akwai na Hausa har guda biyu, na Najeriya da na Gana. Na gwada amma yatsuna sun riga sun saba da inda komai yake, sai na bi wata hanyar. Na mayar da Alt na dama ya zama maɓallin haɗa harafi, layi ɗaya ne ake ƙarawa a fayil ɗin environment na labwc, manhajar da ke kula da tagogin sikirin, XKB_DEFAULT_OPTIONS=compose:ralt, sannan na buɗe fayil mai suna .XCompose na tsara abina: Alt sai k sau biyu ya ba ni ƙ, d sau biyu ɗ, b sau biyu ɓ, manya ma haka. Na sa har da ƴ duk da mu nan 'y muke rubutawa, mutanen Nijar ne ke amfani da mai lanƙwasar, amma wa ya sani ko wata rana aiki ya zo daga Maraɗi.

Sai batun salon rubutu. Takardun da malamai ke turo min na Word ne, yawanci da Calibri, ita kuma ba ta da shi, sai layuka su goce shafi biyu ya koma uku. Maganinsa Carlito, faɗin haruffansa daidai yake da na Calibri, kamar yadda Liberation Serif yake daidai da Times New Roman. Na Larabcin islamiyya kuma na sa Amiri, wallahi wasulla sun zauna ɗas kamar bugun littafi. Duk abin da na gama PDF nake mayar da shi kan in kai shagon firintin, don kar ya je can ya sake hali.

Talata, 25 ga Fabrairu

Yau raina a ɓace yake. Daren jiya wajen sha ɗaya da rabi ina kan tambaya ta talatin da wani abu ta lissafin aji biyar aka ɗauke wuta. Da laftof ce ko a jikina, batir zai riƙe. Wannan kuwa ɗif. Da aka dawo da wutar da asuba na kunna, sai baƙin allo da rubutu yana ta gudu, ta ƙi shiga. Katin memori ya hargitse saboda an yanke mata wuta tana tsakiyar rubutu a kai.

Ƙanina ya sa katin a wata kwamfutar ya bi shi da fsck, manhajar gyaran memorin da ya hargitse, an ceto yawancin fayilolin, amma na lissafin ya dawo fanko, sifili. Aikin dare biyu. Ba wanda zan ɗora wa laifi, an gaya min tun farko kar in zare mata wuta ban kashe ta ta hanya ba, ni ne ban kawo a raina cewa masu wuta ba sa sallama kan su zare ba.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Na karɓo gawar laftof daga wajen mai gyara, har yana tambayata me zan yi da ita. Na ce gado zan raba. Na ciro SSD ɗinta, wato ma'ajiyar fayilolinta, mai giga 128, na sa a cikin ɗan gidan USB, na kwafe komai daga katin da SD Card Copier da ke cikin manhajar, na zare katin na kunna. Pi 4 tana iya tashi daga USB tun gyaran da aka yi mata a 2020. Bambancin gudun ba a magana, LibreOffice da nake jira kamar mai jiran motar kasuwa yanzu kan in gyara zama ya buɗe.

Sai dai abu biyu. Na farko takan sandare na wasu daƙiƙu in ana kwafar babban fayil, ashe wasu gidajen USB ɗin masu araha ba sa jituwa da tsarin tura bayanai da ake kira UAS, sai ka duba lambar naka da lsusb ka sa ta a cmdline.txt da usb-storage.quirks a kashe mai shi. Na biyu ya fi ban mamaki, maus ɗina mara waya ya fara tsalle-tsalle kamar mai aljanu. Na canza batir, na goge ƙasansa, har na fara zagin wanda ya sayar min a zuci, Allah ya yafe min. Ashe ramukan USB 3, shuɗayen nan, suna fitar da hayaniyar da ke shiga zangon 2.4GHz, wanda shi maus ɗin ke amfani da shi. Na sa ɗan filoginsa a kan gajeren ekstenshan na nisanta shi da SSD ɗin kamar taƙi ɗaya, shi kenan ya nutsu.

Gobe azumi in Allah ya kai mu.

Alhamis, 6 ga Maris, 6 ga Ramadan

Abin dariya abin haushi. Na farka cikin dare na kasa komawa, na ce bari in rage aiki kan sahur. Wayata na caji a ɗaki, ban kunna wayfai ba, kwamfutar ba intanet. Ina ta taifin ina satar kallon agogon da ke saman sikirin, sha ɗaya da 'yan mintuna, na ce kai ashe ma dare bai yi nisa ba. Sai ji nai ladan yana gyaran murya a lasifika. Na zabura na tashi mutan gida, ruwa da dabino da ragowar kunu muka samu muka kora a tsaitsaye. Har yanzu ana min ba'a, wai kwamfutar malam ba ta azumi.

Dalili shi ne Pi 4 ba ta da agogon ciki mai batir irin na sauran kwamfutoci. In ka kashe ta sai ta riƙe lokacin da aka kashe ta, in ta tashi ta ci gaba daga nan, sai ta samu intanet take gyarawa. Pi 5 da ta fito a 2023 an sa mata, har da maɓallin kunnawa, amma ni da 4 Allah ya haɗa ni. Akwai ɗan bod mai suna DS3231 da ƙaramin batir a jikinsa, ana ɗofa shi a kan filoli biyar na farkon layin ciki na GPIO, wato jerin filolin da ke gefen Pi ɗin, a ƙara dtoverlay=i2c-rtc,ds3231 a config.txt. Ƙanina yana da shi a tarkacensa. Mun sa, na kashe ta tun hantsi na kunna bayan la'asar ba intanet, lokaci daidai.

Asabar, 15 ga Maris

Rabon gado kashi na biyu, sikirin ɗin laftof. Inci 14 ne, 1366 da 768, lafiyarsa ƙalau. A bayansa akwai lambar samfuri, da ita ake neman bod ɗin da zai ba shi ramin HDMI, kuma dole lambar ta dace, ba a cewa ai duk ɗaya ne. Na yi oda tun ƙarshen wancan watan, shekaranjiya ya iso. Na jona, hoto ya fito tar, an sakar wa mutan gida talabijin ɗinsu.

To amma bod ɗin bolt 12 yake ci, Pi kuma 5. Dabarata ita ce fawa bank ɗina mai 20000mAh, tunda a jikinsa an rubuta yana ba da 5 da 9 da 12. Na sayi kebul ɗin da ke jawo 12 daga ramin USB-C, sikirin ya kama, na ji daɗi. Ina jona Pi a ɗaya ramin sai sikirin ya mutu. Na zare, ya dawo. Na mayar, ya mutu. Na fi awa ina wannan wasan da ƙishirwar azumi a wuya kan na karanta ƙananan rubutun da ke bayansa, in an yi amfani da rami biyu lokaci ɗaya duka komawa 5 suke. Ƙari a kan haka in kana cajinsa aka ɗauke wuta yakan ɗan yanke na ƙiftawar ido kan ya juya, wanda ita Pi wannan ƙiftawar ta ishe ta mutuwa. Wato ko da ya yi, matsalar 25 ga Fabrairu na nan.

Na ajiye komai na tafi tafsiri.

Asabar, 22 ga Maris

An samu mafita, kuma ba daga intanet ba, daga wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a bakin layinmu. Na kwashe kayan na kai mai ina bayani, ya saurara har na gama sannan ya ce, ɗana kai da kake da abu mai cin 12 me ya kai ka farowa daga 5? Ka faro daga sama ka sauko. Na ce Baba ai ban yi wannan tunanin ba.

Abin da muka yi: ƙaramin UPS ɗin nan, batirin riƙe wuta da ake sa wa rauta ta wayfai, mai fitar da bolt 12, shi ba ya yankewa in an ɗauke wuta tunda dama aikinsa kenan. Baba ya raba wayar gida biyu, ɗaya ta tafi sikirin kai tsaye, ɗaya ta bi ta wani ɗan bod mai rage wuta, irin aikin da cajar mota ke yi. A jikinsa akwai ɗan sukuru, ya sa mita yana murɗawa a hankali da bakin sukudireba, lambar na saukowa, 9, 7, 6, har ta tsaya a 5.2, ya ce a bar mata wannan ɗan ƙarin saboda abin da waya za ta sha. Ya liƙe da dalma ya naɗe. Sai da ya gwada sau uku kan ya yarda a jona Pi ɗin, ya ce wuta ba a yi mata gaggawa. Na duba, 0x0. Na zare filogi daga bango da gangan ina kallon sikirin, ko gezau.

Lissafin batir: an rubuta 10400mAh, a bolt 3.7 kenan, wajen wat-awa 38. Pi da SSD da sikirin gaba ɗaya suna shan kamar wat 12 zuwa 13 a mitar Baba. A takarda awa uku, a zahiri na samu awa biyu da minti ashirin. In na rage hasken sikirin yana ɗan ƙaruwa.

Kafinta kuma ya haɗa min akwati da siririn katako, murfin na ɗauke da sikirin, cikin na ɗauke da sauran, da hinji biyu da ɗan maƙulli da hannun ɗauka.

Talata, 1 ga Afrilu

Barkanmu da sallah. Ranar Juma'a muka tafi gida ta wajen Dambatta, na ce wannan ce tafiyar gwaji. Abin da ban taɓa kawowa ba shi ne yadda akwatin katako mai batir da wayoyi ja da baƙi yake kama a idon wanda bai san shi ba. A wani shinge aka ce a buɗe but, jami'in ya ɗaga murfin ya ja da baya taku ɗaya.

"Na waye wannan?"

"Nawa ne ranka ya daɗe, kwamfuta ce."

"Kwamfuta? Malam ka taɓa ganin kwamfuta haka?"

"Yallaɓai in ka ba ni izini in kunna maka."

Ya ce in sauke ta ƙasa tukun, in kunna da hannuna. Duk 'yan motar sun yi tsit, wata tsohuwa tana ta salati. Daƙiƙun da take ɗauka kan ta tashi ban taɓa jin tsawonsu irin na ranar ba. Da hoto ya fito na buɗe mai jarabawar Hausa ta aji uku, ya karanta tambaya biyu, ya yi dariya ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. Har ya tambaye ni nawa na kashe. Gaskiyarsa ne, ni ma da ni ne a wajen zan tsorata. Na dawo na sa kafinta ya rufe ɓangaren wayoyin da wani falle, na kuma liƙa takarda a murfin na rubuta abin da ke ciki.

A gida kuwa ta yi rana. Da sola ɗin kawu nake cajin UPS ɗin da rana, da dare na buga musu takardun ƙungiyar manoma, yara sun kewaye ni. Na tafi da Wikipedia ta Hausa a cikin Kiwix, wadda ake karantawa ba data, ɗan yayata ya kwana neman garuruwa a ciki. Inna dai ta leƙa sau ɗaya ta ce wannan ai akwatin mai gyaran takalmi ne.

Asabar, 12 ga Afrilu

Zafi ya sauka, kuma rufe wayoyin da nai ya toshe iska. Da rana in na buɗe WhatsApp a burauza da shafi uku ko huɗu sai komai ya fara jan ƙafa. vcgencmd measure_temp ya nuna min 82. Ita daga digiri 80 take fara rage gudu don kar ta ƙone, a 85 ta rage sosai. Lokacin sanyi ban taɓa lura ba, amma Kano a Afrilu inuwa ma 40 take haurawa, to ina ga cikin akwati.

Na liƙa mata ƙarfen shan zafi a kan furosesa, na sa 'yar fanka mai bolt 5 a fil na 4 da na 6, kafinta ya huda ramuka a gefe biyu. Yanzu tana yawo tsakanin 58 da 65. Fankar na da 'yar ƙara kamar sauro, da dare ana ji. Na yanki tsohon gidan sauro na liƙa a ramukan saboda ƙura, abin dariya, gidan sauro yana tsare mai kukan sauro.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Na kai ta wajen mai gas na roƙe shi ya ɗora min a sikeli, kilo 3 da ɗigo 4 har da kibod. Laftof ɗin da ta mutu ba ta kai haka ba. Ita Pi ɗin kanta ba ta kai giram 50 ba, duk sauran nauyin hidimarta ne, kuma in na duba abin da na rubuta tun Fabrairu kusan duk wahalar ba tata ba ce, ta wuta ce da waya da zafi.

Abin da take yi min yanzu: taifin na Hausa da Larabci da Turanci, jadawalin sakamakon ɗalibai a Calc na LibreOffice mai kama da Excel, PDF, imel, karatu. Bidiyo a YouTube in na bar shi a 480 lafiya, in na ɗaga ya fara sarƙewa. CorelDraw kuwa babu shi babu dalilinsa, na Windows da Mac ne, an kawo min aikin katin biki na gwada da manhajar zane ta Inkscape na yini a kai, ƙarshe na mayar wa mai shi na ba shi haƙuri.

Wani malami a makarantarmu ya ce in haɗa mai irinta. Na ce ya fara lissafa sikirin da SSD da ni gado na ci, in sayen su zai yi ina ga gara ya nemi laftof 'yar gwanjo. Ya ce shi akwatin ne ya burge shi.

Saura maɓallin kashewa, don har yanzu in batir ya kusa ƙarewa sai dai in lura da fitilun UPS in kashe da kaina. Ana iya sa maɓalli tsakanin fil na 5 da na 6 da saitin gpio-shutdown, amma na 5 agogo ya riga ya zauna a kai, na 6 kuma fanka, saboda haka sai na canza mai wani fil ɗin. Hinji ɗaya ma ya fara sakin jiki. Baba ya ce in kawo ranar Laraba bayan azahar, in taho da maɓallin tsohuwar rediyo in ina da shi.